Lema mai nono a gindin doka: abin da muka gani a dajin Wari-Maro

Da ba mu yi niyyar rubuta labarin wannan tafiya ba, don ta kwana biyu, kuma mun sha ba da shi da baki a wurin zubi har wasu sun gaji da ji. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a makon da ruwa ya zauna. Wata ƴar uwarmu ta ƙungiyar da ke maƙwabtaka da mu ta tashi da safe ta ga lemar kwaɗi fara tas ta fito a bayan garken awakinta. Sai ta tuna ta taɓa jin mu muna yabon miyar lemar kwaɗi da muka sha a Benin. Ta tsinka, ta wanke, ta zuba a miyar rana. Kafin la'asar ita da ɗiyanta biyu suna ta amai da gudawa, sai a amalanken jaki aka kai su likita. Allah ya kiyaye, sun tashi. Amma da muka je gaisuwa, ta dube mu ta ce, "Ba ku ne kunka ce tana da daɗi ba?" Babu wadda ta iya ɗaga kai. Gaskiyarta. Mun faɗi daɗin miya, ba mu faɗi inda abin yake fitowa ba. To ga ragowar labarin.

Mu shida muka tafi, a daminar 2022, tun ba a rufe gadar Gaya ba. Biki ne ya kai mu: ɗiyar ƙanwar shugabarmu ake aurarwa a zangon Paraku. Ƙungiya ta ce tunda za a kashe kuɗin mota, a haɗa da fatauci, aka ba mu rance daga akwati mu sayo garin rogo da man kaɗe. Mun bar Maraɗi bayan an gama maimai, gero ya kai gwiwa.

Macen ƙauye da itace take gane ƙasa, mu ma da itace muka riƙa auna nisan da muka yi. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni har Dogon Dutsi duk ƴan gida ne: gawo tsirara ba ganye kamar yadda ya saba da damina, kalgo, sabara, sai bedi a cikin garuruwa. Bayan Doso, da hanya ta miƙa kudu, sai duhun itace ya fara ƙaruwa, ga giginya, ga kaɗanya, ga ɗorawa. Muka ƙetare Kogin Kwara muka shiga Malanbil, muka wuce gonakin kaɗa na wajen Kandi. Daga nan ne muka fara ganin itatuwan da babu mai sanin sunansu a cikinmu, har shugaba da ta fi mu shekaru. A Maraɗi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, a Paraku kuwa ya haura 1000. Ba sai an faɗa miki ba, ciyawar bakin hanya ma ta fi mutum tsayi.

A zango kamar muna gida. Hausa ake yi, tuwo ake ci, tsofaffi suna ba da labarin kakanninsu fataken goro da ke bi ta ƙasar Bargu zuwa Jugu da Gwanja. Rana ta uku da biki, wata maƙwabciya ta aiko da miyar agushi da sakwara. A cikin miyar akwai wani abu yanka-yanka, ga tauri kaɗan kamar tumbin rago, ga daɗi. Sai da muka suɗe kwano aka ce mana lemar kwaɗi ce, wadda wasu ke kira naman kaza. Ɗaya daga cikinmu ta riƙe ciki ta fara salati. A gida ai abin da muke hana yara taɓawa ne.

Ma'ajiyarmu kuwa, wadda ko a mafarki lissafi take yi, ba cikinta ta riƙe ba. Da ma ta lura da matan da ke jera abin a faranti a bakin hanya, masu motoci suna tsayawa suna saye. Da dare ta tashe mu. "Ku ji mini nan. Abin ga ba taki, ba huɗa, ba noma. In munka samu iri munka kai gida, ba sana'a ce ta samu ba?" Muka ce ai kuwa da gaskiyarki. Yayar amarya, wadda ke sarin gari a ƙauyuka kuma tana jin harshen Nago, ta yi dariya ba ta ce komi ba, sai ta ce gobe mu shirya da asuba ta kai mu wurin mai sayar mata da gari.

Muka bi hanyar Jugu zuwa Beteru, inda gada ta ratsa Kogin Weme, daga nan muka saki kwalta muka hau babura muka yi kudu a kan jar hanya. Ƙauyen yana gefen dajin gwamnati na Wari-Maro, a ƙaramar hukumar Cawuru. Mutanen wurin galibi Nago ne, dangin Yarabawa, akwai kuma Bargawa da Fulani. Tsohuwar da ta karɓe mu kowa Iya yake ce mata, mu ma muka bi. An yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu kafin zuwanmu, ta ce mun zo a sa'a, don abin bayan ruwa da kwana biyu ko uku yake fitowa, kuma da safe ake nemansa kafin rana da tsutsa su riga mutum.

Da muka shiga daji, duk muka duƙar da kai muna duban ƙasa kamar masu neman allura. Iya ta tsaya ta yi magana, yayar amarya ta fassara: "Ta ce ku ɗaga kai. Wai ba a ƙasa ake farawa ba, a sama ake farawa." Ta wuce gindin kaɗanya ba ta ko waiwaya ba. Ta wuce ɗorawa, ta wuce maje. Sai da muka shiga wani wuri da itace iri ɗaya ya yi cincirindo, dogaye, masu ganye mai sheƙi jere bibbiyu a kan tsinke, sannan ta rage sauri. Yayar amarya ta ce, "Wannan shi ne doka, Inna." Shugaba ta dafa itacen ta daɗe tana kallo. Duk rayuwarmu muna cewa "dokar daji", ba mu taɓa ganin doka da ido ba sai ranar. A ƙasa ga tsofaffin kwasfofin ƴaƴansa, faffaɗa masu tauri kamar tafin takalmi, sun murɗe. Da rani suke fashewa da ƙara su watsa ƙwaya. Ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa da marmara, ba rairayi irin namu ba, kuma ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe ta.

A cikin dokar akwai wani itace da bai kai ta tsayi ba, mai manyan ganye a tattare a ƙarshen reshe, kafafago. Iya ta nuna shi shi ma, ta nuna kawo, wanda Fulani ke sassaɓe wa shanu ganyensa, ta ce in an gangara bakin rafi akwai wata doka ta can, dokar rafi. Waɗannan ne itatuwan da ke da lema a gindinsu.

Sai ta tsuguna ta ɗaga ganye da ɗan karanta. Ga ta nan, guda biyar a wuri ɗaya.

Bari mu tsaya a nan mu faɗi kamanninta dalla-dalla, yadda aka sa kowaccenmu ta riƙa ta juya. Hularta launin ruwan lemo ce, tsakanin garin ɗorawa da jan goro. Ƙarama ta kai tafin hannun yaro, babba ta kusa tafin hannun babba. Bayanta busasshe ne, ba santsi ba yauƙi, in kin shafa za ki ji kamar karammiski, da ɗan tamoji. Tsakiyarta ta lotsa, in ta girma sai ta koma kamar mazurari, har ruwan sama kan kwanta a ciki. In kin kifa ta, za ki ga layuka sirara jere kamar haƙarƙari, launin kindirmo, ba su cunkushe ba, kuma ba su tsaya a bakin ƙafa ba, sun ɗan gangara a jikinta. Ƙafar gajera ce. Ba ta da zobe a wuya. Gindinta kuma, in kin tono shi gaba ɗaya, ba shi da wata jaka ko kwasfa.

Iya ta sa muka karya ƙafar. Ta ɓalle ƙas, kamar alli, ba ta yi zare ba, ba ta tsage a tsaye kamar kara ba. Sannan ta ja farce a kan haƙarƙarin. Nan take wani farin ruwa ya tsattsafo, ɗigo-ɗigo, kamar nono. Mu duka muka ja da baya. A wurinmu ai duk tsiron da ke fitar da farin nono abin gudu ne: tumfafiya, aguwa, tinya, wa ke barin yaro kusa da su? Iya ta yi ta dariya har da riƙe ƙugu. A wannan lemar, nonon yana cikin shaidunta. Ta ce mu jira. Muka tsaya muna kallon ɗigon har ya fara bushewa, yana nan fari, bai koma ɗorawa ba, bai koma shuɗi ko ja ba. Wannan jiran ma yana cikin aikin.

Ma'ajiya ta ce, "To shike nan, mun gane. Duk mai nono ta ci ce." Da aka fassara wa Iya, sai ta ɗaure fuska a karo na farko. Ta tafi gaba kaɗan ta tsinko wata, ita ma mai nono, amma launinta daban. Ta ce masu nono dangi ne masu yawa, akwai masu ɗaci, akwai masu yaji da ke ƙone harshe kamar tonka. Ita takan ɗanɗana da ƙarshen harshe ta tofar, amma ta hana mu, ta ce wannan aikin wadda ta tashi a ciki ne. Ta nuna mana wata ja, mai karyewa kamar alli ita ma, amma ko ɗigon nono babu: dangi na kusa ne, ba ita ba ce. A wurin Iya shaida ɗaya ba ta isa. Sai itace ya yi daidai, ƙasa ta yi daidai, launi da haƙarƙari da karyewa da nono duk sun haɗu, sannan ta jefa a kwando. Wadda ta tsufa ta yi laushi, ko tsutsa ta cinye, a wurin take barinta.

Akwai wadda ta sa muka tono da wuƙa har ƙasa don mu ga gindin. Doguwa ce, kyakkyawa, da zobe a wuya kamar ta sa gyale, gindinta kuma a cikin wata farar jaka kamar ɓawon ƙwai. A wannan dangin akwai waɗanda mutanen wurin suka sani suna ci, amma a cikinsa ne kuma ake samun masu kisa. Iya ta ce baƙo ba ruwansa da duk mai jaka a gindi. Shi ya sa ba a yanke lema a sama a ce an gane ta, don jakar a cikin ƙasa take ɓoye.

Da muka cika kwanduna biyu muka zauna hutawa, ma'ajiya ta kawo maganar da ta kawo mu. "Iya, ina ake samun irinta? Muna so mu saya." Jikan Iya ne ya amsa, wani saurayi ɗalibi a Jami'ar Paraku da ya zo hutu ya biyo mu da adda, yana jin Hausar kasuwa. Ya ce, "Mama, zo ki gani." Ya tone ƙasa a hankali a inda muka tsinki lema, ya nuna mana wasu fararen zaruruwa sirara, sun fi zaren kaɗa sirantaka, sun ratsa ƙasa sun naɗe ƙananan saiwoyin doka. Ya ce wannan shi ne ainihin abin, yana nan a ƙasa rani da damina. Lemar da muke tsinka kamar ɗiyan itace ce kawai, tana fitowa ta watsa ƙurar irinta ta ruɓe. Zaren ba shi da ganye, ba ya iya yi wa kansa abinci, don haka doka ke ba shi zaƙin da ganyenta ke haɗawa da hasken rana. Shi kuma yana shiga lungunan ƙasa da saiwa ba ta kaiwa, yana jawo wa doka ruwa da gishirin ƙasa. Shugaba ta ce, "Ashe su ma zubi suke yi." Ya ce masana suna kiran wannan lemar Lactifluus gymnocarpoides, kuma tana cikin waɗanda aka fi ci a wannan yanki na Benin.

Ma'ajiya ba ta saki ba. "To in an kai ta gindin gawo fa? Ko bedi?" Ya girgiza kai. Gawo da bedi da kalgo da kaɗanya ba sa irin wannan haɗin da ita. Ba a shuka ta a buhu ko a ɗaki. Akwai wata lema daban da ake nomawa a kan kara da dusa, ana koyar da aikinta, amma ba wannan ba ce. Wannan sai da dokarta, kuma doka sai da ruwan samanta.

Muka yi shiru. A zuci kowa ta riga ta fara kashe ribar sana'ar.

A hanyar komawa ƙauye ne muka ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Iya ta bi da mu ta wani fili da aka yi tulin doya. Itatuwan doka suna tsaye a ciki amma matattu, an cinna musu wuta a gindi don rana ta samu doya. Gaba kaɗan ga ramin gawayi yana hayaƙi, ga buhuna an jera ana jiran mota. Gaba kuma gonar yazawa, layi-layi. Iya ta nuna wurin da hannu ta ce tana yarinya a nan take cika kwando kafin a gama dama koko, yanzu sai ta yi tafiya mai nisa. Ba mu ga laifin mai doya ba, mu ma manoma ne, mun san yunwa. Amma mun san wannan labarin. Iyayenmu sun ga yadda gonakin Maraɗi suka zama fili fetal, sai da aka dawo ana barin tohon gawo da kalgo a gona, abin da muke kira sassaben zamani, sannan itace ya dawo. Bambancin kawai, a can in aka sare doka ba inuwa da itacen girki kaɗai aka rasa ba, har da naman miyar matan da ba su da kuɗin zuwa wurin mahauci. Kuma lokacin lemar shi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Girkin ba shi da wuya. Iya ta kankare ƙasar gindin, ta wanke, ta yayyanka, ta tafasa da ɗan ƙanƙanin kanwa, ta zubar da ruwan farko gaba ɗaya, sannan ta zuba a miya ta bar ta ta dahu sosai. Ba a cin ta ɗanya. Da muka ga kanwar muka ce ai wannan daga wajenmu take zuwa, Iya ta ce to kun ga, kuna da hannu a miyar. Wadda ta rage ana shanya ta ta bushe don gaba.

Yanzu mu dawo gida, bayan garken awakin ƴar uwarmu. Mun je mun duba waɗanda suka sake fitowa. Doguwar ƙafa, farar hula mai ɓarɓashi-ɓarɓashi ruwan ƙasa a sama, zobe a wuya. Muka karya, ba nono, ƙafar ta yi zare. Muka kifa wadda ta tsufa, haƙarƙarinta ya juya ya yi tsanwa-tsanwa mai duhu. Wannan ita ce mai fitowa a kan juji da ciyawa da wurin taki, kuma sananniya ce wurin sa amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Ba ta haɗa komi da ta gindin doka ba sai suna. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ba mu da dajin doka, saboda haka mai nonon da muka ba ku labari ba za ta fito a gonarki ko bayan ɗakinki ba. Akwai wata ta ci da ke fitowa a kan suri, mai doguwar saiwa da ke nutsewa cikin gidan gara, Gurmawa na yammacin ƙasarmu sun san ta. Amma ita ma fara-fara ce, kuma idon da bai saba ba yana iya haɗa ta da ta juji. In ba tare da wadda ta gada kike ba, bar ta.

Kada kuma a ruɗe ku da gwaje-gwajen da ake faɗa. Wai in tsutsa ko akuya ta ci, mutum ma zai iya ci: ƙarya ne. Wai a jefa azurfa a tukunya, in ba ta yi baƙi ba babu dafi: ƙarya ne. Tafasawa ma tana rage ɗacin mai nono ne kawai, ba ta kashe dafin masu kisa. Abin da ya fi ban tsoro, mafi munin dafin ba ya nuna kansa da wuri. Mutum kan yi awa 6 har zuwa 24 lafiya lau kafin ciki ya murɗa, ya ɗan ji sauƙi, alhali hanta ce ke lalacewa. In wani ya ci lemar da ba a sani ba, a kai shi likita nan take ko da bai fara amai ba, a tafi da ragowar lemar ko miyar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Rancen akwati mun biya shi da ribar gari da man kaɗe, har da ɗan abin da ya hau. Ma'ajiya dai ba ta yarda da maganar ɗalibin nan gaba ɗaya ba. Sai da muka iso Gaya muka gane abin da ya sa jakarta ta yi nauyi: ta ɗebo jar ƙasar gindin doka cike da ƙaramin buhu, ta ɓoye a ƙarƙashin gari. Ta zuba ta a gindin bedin tsakar gidanta, ta kewaye da ƙaya, ta yi ta ba ta ruwa damina biyu. Duk ranar zubi sai an tambaye ta, "Hajiya, ta hito?" Tafasa ce ta fito, aka tsinka aka yi kwaɗo.